Kafin a Shinshini Bakin Direba, Wa Ya Ba Ɗan Sanda Ikon Tsayar da Shi?

Akwai wata irin shari'a da ake yawan yi a kotunan Amurka, wadda idan aka ba mutumin ƙasar nan labarinta zai ɗauka almara ce. Ɗan sanda ya tsayar da mota da tsakar dare, ya tarar da direba a buge, baki na warin barasa, na'ura ta auna numfashinsa ta nuna ya zarce ƙa'ida, shi kansa kuma bai musa ba. Amma da aka je gaban alƙali sai lauyansa ya ƙi taɓa zancen giya ko kaɗan, ya kafe a kan tambaya guda: ya mai shari'a, me wannan ɗan sanda ya gani tun farko har ya kunna wa motar nan jiniya? Idan ɗan sandan ya kasa ba da amsar da ta gamsar, sai alƙali ya yi watsi da warin bakin, da sakamakon na'urar, da duk abin da ya biyo bayan tsayarwar, direba ya kama hanyar gidansa.

Na san mai karatu zai ce wannan ai sakarci ne, kuma ba zan ga laifinsa ba. A shekarar 2022 kaɗai, mutum sama da 13,000 ne suka rasa rayukansu a titunan Amurka a haɗurran da direba mai maye yake ciki. Ƙasar da ake irin wannan asara, yaya za a yi ta riƙa sakin wanda aka kama dumu-dumu saboda wata 'yar ƙa'ida? Sai dai ni a ganina wannan 'yar ƙa'idar ita ce kan maganar, kuma mu da muke kwana muna tashi tsakanin shingayen jami'an tsaro mun fi kowa buƙatar fahimtar ta.

Tushen abin shi ne gyara na huɗu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda ya hana hukuma binciken mutum ko kama shi ba tare da dalilin da hankali zai karɓa ba. Kotun Ƙolin ƙasar ta daɗe da yanke cewa tsayar da mota a kan titi, ko da na minti ɗaya ne, shi ma wani nau'i ne na kamu, domin a wannan lokacin direba ba shi da ikon tafiya. A 1961 kuma, a shari'ar Mapp da jihar Ohayo, kotun ta ɗora wa dukkan jihohi dokar cewa shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya ba ta shiga kotu. Idan aka haɗa waɗannan biyu, sai a ga dalilin da ya sa lauyan direba yake barin giyar ya koma kan tsayarwar. In tushe ya ruɓe, duk abin da aka gina a kansa ya tafi.

Ni ba lauya ba ne, harshe na karanta, shi nake koyarwa, kuma wataƙila shi ya sa abin da ya fi jan hankalina a wannan fage shi ne yadda alƙalan suka shafe shekaru suna auna nauyin kalmomi. Bahaushe yana da zato, yana da zargi, yana da tuhuma, kuma ko yaro ya san ba ɗaya suke ba. Zato abu ne da ya ɗarsu a zuciya, mai shi ba zai iya nuna shi da yatsa ba. Zargi kuwa yana da abin jingina, an ga wani abu ko an ji. Tuhuma ta fi su nauyi, da ita ake gurfanar da mutum. A shari'ar Terry ta 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta ja layinta ne tsakanin na farko da na biyu. Ta ce ɗan sanda yana iya tsare mutum na ɗan lokaci ba tare da cikakkiyar hujjar kamu ba, amma da sharaɗin zai iya buɗe baki ya lissafa takamaiman abubuwan da ya gani, ba kawai ya ce jikinsa ne ya ba shi ba. Wato ma'aunin halaccin aikin ya koma kan abin da za a iya furtawa da kalmomi a gaban alƙali. Motar tana tangaɗi tsakanin layi biyu, wannan zargi ne. Ya fito daga unguwar da ake sayar da giya da ƙarfe biyun dare, wannan shi kaɗai bai wuce zato ba, domin mai gadi da ma'aikacin asibiti su ma suna bin hanyar. Hausawa sun riga su faɗa, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma in aka duba da kyau wannan karin maganar ita ce dokar tasu baki ɗayanta.

Shari'ar da ta kawo wannan ma'auni kan titi ita ce ta Prouse, a 1979. Wani ɗan sandan sintiri a jihar Delaware ya tsayar da mota, ya ji ƙaurin tabar wiwi, ya kuma hango ta a ƙasan motar. Da aka tambaye shi a kotu, sai ya amsa cewa bai ga direban ya karya wata doka ba, lasin da takardun mota kawai ya so ya duba. Alƙalai takwas cikin tara suka ce wannan tsayarwa haramtacciya ce. Damuwarsu ba ta tsaya kan wannan direba ba. Abin da suka hango shi ne, idan aka bar kowane ɗan sanda ya zaɓi motar da ya ga dama ba tare da dalili ba, to an miƙa masa wuƙa da nama, kuma kowa ya san irin mutanen da za a fi zaɓa. Sai dai a ƙarshen hukuncin sun bar ƙofa a buɗe, suka nuna cewa shingen da ake tsayar da kowa da kowa zai iya halatta. Mai shari'a Rehnquist, wanda shi kaɗai ya saɓa, ya yi wa abokan aikinsa shaguɓe a kan wannan, yana mamakin yadda takurar da ta haramta a kan mutum ɗaya za ta halatta don kawai an raba ta ga jama'a.

Abin ban sha'awa shi ne, shekara goma sha ɗaya bayan haka, wannan Rehnquist ɗin ne, a lokacin yana Babban Jojin ƙasa, ya rubuta hukuncin da ya halatta shingen binciken masu maye. A jihar Mishigan 'yan sanda sun kafa irin wannan shinge a yankin Saginaw. Ya yi awa ɗaya da minti goma sha biyar, motoci 126 suka bi ta wurin, kowace ta ɓata kimanin daƙiƙa 25, aka kama mutum biyu da laifin tuƙi cikin maye. Wasu direbobi, ciki har da wani mai suna Sitz, sun riga sun shigar da ƙara tun kafin a kafa shingen, suna ƙalubalantar halaccin tsare mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A 1990 Kotun Ƙoli, da rinjayen shida da uku, ta ce idan aka ɗora girman bala'in tuƙi cikin maye a sikeli ɗaya, aka ɗora daƙiƙa 25 a ɗayan, na farko ya rinjaya. Mai shari'a Stevens, cikin waɗanda suka saɓa, ya kawo hujjar da har yau ba ta mutu ba, cewa da an saki waɗannan 'yan sanda sun yi sintiri suna neman motocin da ke tangaɗi, mai yiwuwa da sun kama fiye da haka ba tare da sun firgita kowa ba. Tsugune kuma ba ta ƙare ba, domin da shari'ar ta koma gida, Kotun Ƙolin jihar Mishigan ta yanke a 1993 cewa tsarin mulkin jihar ya fi na tarayya tsauri, don haka shingen ya haramta a can. Jihar da ta ci shari'a a Washinton ta faɗi a gidanta.

Ya kamata mai karatu ya lura da abin da ya sa shingen ya tsira a idon kotun tarayya, domin a nan ne bambancinsa da namu yake. Akwai rubutacciyar ƙa'ida da aka tsara tun kafin a fita, wadda ta tanadi yadda za a zaɓi wurin da yadda za a sanar da jama'a, kuma duk motar da ta zo sai an tsayar da ita, ɗan sandan da ke tsaye ba shi da ta cewa a kan wanda zai tsaya da wanda zai wuce. Bugu da ƙari, a shekarar 2000 kotun ta rushe shingayen da birnin Indiyanafolis ya kafa don farautar miyagun ƙwayoyi, tana cewa ba a kafa shinge don neman masu laifi gaba ɗaya. Shingen maye ya halatta ne saboda haɗarin yana kan titin, a wannan daren, a hannun wanda ke riƙe da sitiyari.

Zuwa nan mutum zai ɗauka direban Amurka yana cikin garkuwa. Ba haka abin yake ba. A 1996 aka yanke shari'ar Whren, wadda a nawa ra'ayin ta kwashe rabin abin da Prouse ta bayar. 'Yan sandan farin kaya a birnin Washinton suna zargin wata mota da harkar ƙwaya amma ba su da hujja. Motar ta daɗe tsaye a mahaɗa, sannan ta karya kwana ba tare da sigina ba, ta fizga da gudu. Suka tsayar da ita, suka ga hodar ibilis a hannun fasinja. Lauyoyi suka ce kowa ya san ba sigina ce ta dami 'yan sandan ba, fakewa suka yi da guzuma don su harbi karsana. Alƙalan tara gaba ɗaya suka ce kotu ba ta binciken zuciyar ɗan sanda, muddin an karya dokar hanya komai ƙanƙantarta, tsayarwa ta halatta. To, wane direba ne zai yi tafiyar kilomita goma bai taka layi ba, bai ɗara ƙa'idar gudu da ɗan kaɗan ba, bai makara wajen kunna sigina ba? Ɗan sandan da ya ƙudurta tsayar da kai haƙuri kawai yake buƙata. Shi ya sa kamun masu maye da yawa a can ba da tangaɗi yake farawa ba, da fitilar baya da ta mutu yake farawa, kuma shi ya sa baƙaƙen fatar Amurka suka daɗe suna kukan cewa wannan hukunci a kansu ya fi ƙarewa. A 2014 ma, a shari'ar Heien, kotun ta ƙara da cewa ko ɗan sanda ya yi kuskuren fahimtar doka, ya tsayar da mota saboda fitilar burki ɗaya ta mutu alhali dokar jihar guda ɗaya ta wajabta, tsayarwar tana nan daram in dai kuskuren na hankali ne. Talaka ba a yi masa uzuri da jahiltar doka, amma an yi wa mai tsaron dokar.

Shari'ar da ta fi raba kan alƙalan ita ce ta Navarette, ita ma a 2014. Wata mata ta buga lambar gaggawa a jihar Kalifoniya ta ce wata a-kori-kura ta hankaɗa ta gefen titi, ta faɗi launin motar da lambarta. 'Yan sanda suka gano motar, suka bi ta na tsawon minti biyar ba su ga direban ya yi kuskure ko ɗaya ba, duk da haka suka tsayar da shi bisa zargin maye. Ba maye suka samu ba, tabar wiwi suka samu a bayan motar, sama da kilo 13. Alƙalai biyar suka ce kiran wayar ya wadatar, domin mai kiran ta ce da idonta ta gani, ta kira nan take, kuma ta lambar da ake iya gano mai ita. Huɗu suka ƙi, kuma wanda ya jagorance su shi ne Scalia, mutumin da ya rubuta hukuncin Whren, wanda ba a san shi da tausaya wa masu laifi ba. Hujjarsa ita ce maye ba abu ne da mutum ke kunnawa ya kashe ba, wanda ya yi tuƙi lafiya lau na minti biyar ya riga ya wanke kansa, kuma daga ranar duk mai jin haushin wani zai iya sa a tsare shi da kiran waya guda. A nan ni ina tare da Scalia, ko da yake na san wanda ya taɓa ɗauko gawar ɗan'uwansa daga bakin titi zai ce gara a tsayar da mutum goma a banza da a bar ɗaya ya wuce.

Ba zan iya wuce wata shari'a ba, saboda ta shafi sana'ata. A 1990, a ƙarar wani direba mai suna Muniz, kotun ta raba magana gida biyu. Ta ce karyewar harshe da lauyewar furuci shaida ce ta jiki, kamar tangaɗi, don haka ana iya nuna wa kotu ita ko ba a gargaɗi mutum game da haƙƙinsa na yin shiru ba. Amma da 'yan sanda suka tambaye shi ranar da ya cika shekara shida da haihuwa ya kasa lissafawa, wannan amsar ta fito ne daga tunaninsa, don haka ba ta shiga. Sauti na hukuma ne, ma'ana ta mai magana ce. Duk ɗalibin ilimin harshe zai gane wannan rabo.

Ba duk duniya ce ta bi Amurka ba. Ingila, wadda muka gaji tsarin shari'arta, ta shigo da na'urar gwajin numfashi da iyakar miligiram 80 na barasa a cikin mililita 100 na jini a 1967, zamanin ministar sufuri Barbara Castle. A can ɗan sanda mai kayan sarki yana da ikon tsayar da kowace mota, sai dai ba zai sa direba ya hura na'ura ba sai in yana zarginsa da shan barasa, ko ya karya dokar hanya, ko an yi haɗari. A Ostireliya kuwa ko wannan sharaɗin babu. Jihar Biktoriya ta fara gwajin kowa da kowa tun 1976, sauran jihohi suka bi. Su sun zaɓi a takura wa kowa daidai wa daida, a fili, da doka.

Idan muka dawo gida, tambayar farko da lauyan Amurka yake yi ba ta da wannan ƙarfin a kotunanmu, kuma dalilin yana da tarihi mai ɗaci. A Kenya, zamanin dokar ta-ɓaci ta yaƙin Mau Mau, 'yan sanda sun tare wani mutum mai suna Kuruma yana kan kekensa a wani shinge, suka caje shi, suka ce sun sami harsashi biyu a jikinsa. Dokar ta ce sai mai muƙamin mataimakin sufeto ko sama da haka ne zai yi irin wannan bincike, waɗanda suka yi kuwa ba su kai ba. Aka yanke masa hukuncin kisa. A 1955 kotun ɗaukaka ƙara ta masarautar Ingila a Landan ta ƙi karɓar ƙorafinsa, ta ce in dai shaida ta shafi shari'ar, kotu ba ta damu da yadda aka samo ta ba. Kotun Ƙolin Nijeriya ta bi wannan hanya a shari'ar Musa Sadau ta 1968. Sai a Dokar Shaida ta 2011, sashe na 14 da na 15, aka ɗan sassauta, aka ce irin wannan shaida tana shiga, sai fa in alƙali ya ga illar karɓarta ta fi amfaninta, kuma cikin abubuwan da zai duba har da ko da gangan jami'in ya take doka. Wato a Amurka ƙofar a rufe take sai an buɗe, a nan kuwa a buɗe take sai an rufe.

Ba wai ba mu da dokoki ba ne. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya kare 'yancin mutum daga tsarewa, na 41 ya ba shi 'yancin zirga-zirga. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta fito ƙarara ta ce launin mutum, ko shekarunsa, ko askinsa, ko irin tufafinsa ba sa zama dalilin zargi, wanda kusan shi ne layin nan da ke tsakanin zato da zargi. A watan Oktoban 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO ba su da hurumin tsayar da mota a kan titi, ko ƙwace ta, ko cin tarar direba. A 2012 Sufeto Janar Mohammed Abubakar ya ba da umarnin a kwashe shingaye daga manyan hanyoyi, wasu da suka gaje shi su ma suka maimaita, kuma yawan maimaitawar ya ishi mai hankali bayani. Abin da ya rage shi ne sakamako. Jami'in da ya san ko ya tsayar da mota bisa ƙa'ida ko ba bisa ƙa'ida ba shari'arsa ba za ta lalace ba, ba shi da abin da zai sa ya wahalar da kansa. Shingen da ba shi da rubutaccen tsari kuwa, inda tsohuwar Golf ɗin haya take tsayawa babbar jif mai baƙin gilas ta wuce ana sara mata, ya haɗa aibin tsarin biyu ke nan: ya takura wa jama'a kamar na Ostireliya, ya kuma bar wa jami'i zaɓi kamar wanda aka hana a shari'ar Prouse. Direban da ya bugu, in yana da abin miƙawa ta taga, shi ne ma ya fi saurin wucewa.

Saboda haka nake ganin masu kiran a ƙara wa Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan sanda na'urorin gwajin numfashi sun faɗi rabin magana ne. A sayo na'urorin, amma a haɗa da dokar da ta fayyace wanda zai kafa shingen, da wanda zai sa hannu, da ƙa'idar zaɓen motoci, ko kowace ko ta biyar-biyar, da rajistar da za a iya kai wa alƙali ya duba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar mu a Arewa. Abin da yake gusar da hankalin direba a yawancin tashoshinmu ba giya ba ce, ƙwayoyi ne irin su tiramadol, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, da tabar wiwi. Na'urar da Robert Borkenstein ya ƙirƙiro a 1954 da jikokinta barasa kaɗai suke ganewa, direban da ya haɗiyi ƙwaya goma zai hura ta nuna sifiri. Tabbatar da irin wannan maye sai an kai ga fitsari ko yawu ko jini. A 2016 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Birchfield, ta ce ana iya gwada numfashin wanda aka kama ba tare da izinin alƙali ba, amma huda fata a ɗebi jini sai da izini, domin jini yana faɗin abubuwa da yawa game da mutum waɗanda ba su shafi tuƙi ba. Duk ranar da majalisa ta tashi yin dokar gwada direbobinmu da gaske, to a kan allura za a yi muhawarar, kuma jami'in da za a ba ikon kai mutum a tsira masa ita shi ne dai wannan da yake tsaye a bakin shinge da sanda a hannu.